Ranar da Koci Hudak Ya Ci Wasa

Shekara talatin da 'yan kai Vernon Hudak ya yi yana horar da yaran sakandare ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu, a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, irin garuruwan nan da masana'antar ƙarfe ta rufe ta bar mutane ba su da abin taƙama sai wasan ranar Juma'a. Duk garin Koci ake ce masa, har limamin majami'arsu. Mutum ne mai tsawa da faɗin kafaɗa, wanda ko karta ake yi a teburin cin abinci bai taɓa bar wa 'ya'yansa ba. In sun yi kuka sai ya tattara kartar ya sake rabawa.

A kakar shekarar 1998 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin gareji, yana sharar ganye. Ya tashi daga asibiti hannun hagu ya mutu, ƙafar hagu sai ja, baki ya ɗan karkace. Matarsa ta rasu da daɗewa, don haka 'yarsa Lorna, wadda ke tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ta saki ɗakin da take haya ta dawo gida. Ita ke yi masa aski, ita ke yanka masa nama ƙanana a faranti. Shi kuwa ya shige kujerar falo ya yi shiru. In an sa ƙwallo a talabijin sai ya ce a canza. Tsoffin yaransa sun yi ta zuwa gaisuwa, yana sa Lorna ta ce barci yake yi, har suka gaji suka rage.

Ranar bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen kaka, ƙanenta Glenn ya zo daga birnin Columbus. Bayan an ci talo-talo da dankali kowa ya yi nauyi, sai ya fita mota ya dawo da kwali. Na'urar wasan bidiyo ce, da rimot biyu. Ya jona ta da talabijin yana washe baki kamar ba magidanci ba.

"Zo in lallasa ki, Lorna. Ko tsoro kike ji?"

"Kai da ko keke sai da na koya maka? Miƙo nan."

Wasan ƙwallo ne, amma ba irin wadda Koci ya sani ba. Mutum bakwai-bakwai ne a fili, kowanne ƙato kamar bijimi. Babu laifi, babu hukunci. Ka kayar da mutum, an busa usur, ka sake ɗaga shi sama ka maka da ƙasa, mai sharhi yana ta ihu yana yi masa dariya. In ɗan wasa ya cafe ƙwallo sau da yawa a jere sai wuta ta kama jikinsa, ya riƙa gudu hayaƙi na bin sa, ba mai iya tare shi.

Koci ya kalla ta wutsiyar ido ya ja tsaki.

"Wannan ba ƙwallo ba ce," ya ce, harshensa na ja. "Dambe ne na mahaukata."

Glenn ya ci maki, ya ƙara, ya tashi yana rawa a gaban talabijin. Lorna tana ta danne-danne ba ta san ma wanda take juyawa ba. Can sai suka ji tsawa daga kujera.

"Na hagun nan ba kowa a kansa! Jefa masa mana! Makauniya ce ke?"

Suka juya tare. Tun da aka sallamo shi ba su ji ya haɗa magana mai tsawon haka ba. Lorna ta jefa, na hagun ya cafe ya ƙetare layin cin maki. Koci ya buga hannun kujera da hannunsa mai rai, ya ce wa Glenn ya zauna, rawarsa ko a biki ba a so.

Glenn bai tafi da na'urar ba. Kafin ya kama hanya ya shiga gareji ya samo guntun katako, ya ɗaure rimot ɗaya a kai da tef, yadda tsohon zai ɗora a cinya ya yi da hannu ɗaya: babban yatsa yana tuƙa ɗan wasa, manuni da na tsakiya suna laluben madannai.

Haka suka shiga hunturu. Da la'asar Lorna za ta ajiye bas, ta karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmanta, ta tarar ya riga ya ɗora katakon a cinya yana jira. A farkon kwanaki abin tausayi ne. Yatsun ba sa kaiwa, ɗan wasansa ya yi ta gudu baya, ko ya jefa ƙwallo ga 'yan kallo. Ta ce bari ita ma ta yi da hannu ɗaya don a yi daidai. Ya yi mata wani kallo.

"Hannu nawa Allah ya ba ki?"

"Biyu, Baba."

"To yi da biyu."

Ta yi da biyu, ta riƙa cinye shi da maki arba'in, hamsin. Ba ya fushi. Sai ya ce a sake. Da safe in ta tafi aiki shi kaɗai yake zama da na'urar, har babban yatsansa ya yi kanta. Kuma abin da hannu ya kasa, kai ya riƙa biya. Ya gane cewa in ta matsu kullum ɓangaren dama take jefawa. Ya gane tana son dogon jifa in ta ga lokaci na ƙarewa. Ya fara datse mata hanya tun kafin ta yanke shawara. Ta fara jin haushi na gaske, tana zaginsa da tsoho mai wayo, yana kiran ta direbar bas. Miyar tumatir ta sha ƙonewa a kan murhu saboda an ce saura wasa ɗaya.

Wata rana tana gaba da nisa sai 'yan wasanta suka fara sakin ƙwallo haka kawai, sau uku a jere, ya kusa kamo ta. Maimakon murna sai ya ajiye hannu.

"Kin ga abin da na gani? Duk sanda kika yi min nisa sai yaranki su zama ragwaye. Injin nan tausayina yake ji."

Ta kira Glenn a waya. Ya yi dariya ya ce haka aka ƙera shi, yana taimakon wanda ke baya don kada wasa ya yi sanyi, amma akwai madannan da ake latsawa kafin a fara a kashe taimakon. Koci ya sa ta koya, kuma daga ranar sai ya ga ta latsa da idonsa kafin ya yarda a fara. Tazarar ta sake buɗewa, ya sake bin ta a hankali. Zuwa lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, maki goma ne tsakaninsu, wani lokaci bakwai. Bai taɓa cin ta ba, amma ya daina cewa a canza tasha in an sa ƙwallo, har ya yarda tsoffin yaransa su zo ranar da zai cika shekara saba'in.

Ana saura kwana kaɗan ta kai shi asibiti duba. Da suka gama, likitar ta ce wa ma'aikaciya ta tura shi waje, ta tsayar da Lorna. Ta ce ɓarin hagu ya tsaya inda zai tsaya, ba wannan ne ma damuwarta ba. Zuciyar ce ta yi rauni, kuma ciwon zai iya dawowa, in ya dawo ba lalle ya tashi ba. Lorna ta tambaya nawa ya rage. Likitar ta ce ba ta yin irin wannan lissafi. A mota Koci ya tambaye ta me aka ce, ta ce an ce ya rage gishiri.

Ranar bikin falo ya cika da ƙattai masu tumbi da sanƙo, kowa da kwalin giya ko tiren taliya da matarsa ta dafa. A cikinsu akwai Otis Mabry, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗinsa, yanzu ɗan kwana-kwana ne, muryarsa kamar ganga. Shi ya hango katakon a gefen kujera.

"Koci, wannan fa? Kai da ka ce wasan bidiyo na malalata ne?"

"Kawo min shi nan. Lorna, kunna. Ku matsa ku ga yadda ake yi."

Ta latsa madannan kashe taimako a gabansa kamar kullum. Wasa ya yi wasa. Ba ta taɓa ganin ya yi irin na ranar ba. Ya tare mata jifa biyu, ɗan wasansa ya kama wuta ƙattan nan suka ɗauki ihu kamar suna filin wasan ranar Juma'a. Ita ma ba ta sassauta ba, ta bi shi maki da maki. Da lokaci ya zo ƙarshe tana gaba da huɗu, ƙwallo na hannunsa, damar ƙarshe, layi yana da nisa.

Ya yi kamar zai jefa dama, ya juya ya ba na baya, na bayan ya ratsa tsakiya ya fita fili. Mutum ɗaya ya rage tsakaninsa da layi, kuma shi ne wanda Lorna ke juyawa. Ta yi irin wannan tarar ba adadi. Danna gudu, danna tsalle, an gama. Ta ɗan waiga. Ta ga ya tura jiki gaba, gumi a goshi, leɓen da ya karkace yana rawa, Otis ya dafa kafaɗarsa. Maganar likita ta faɗo mata. Ta ɗage yatsanta daga madannin gudu.

Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Ɗan wasanta ya yi tsalle a makare ya rungumi iska, na Koci ya ƙetare layi. Falo ya fashe. Otis ya ɗaga hannun tsohon sama kamar an ci dambe, wani ya zubar da giya a kafet, Koci yana dariya har da hawaye. Lorna ta jefar da rimot ta yi ta ƙorafi, ta ce sa'a ce.

Sai wasan ya maimaita cin a hankali, kamar yadda ya saba. Kowa na ta surutu, ba mai kallo sai mutum ɗaya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zama a ɗaki mai duhu yana mayar da fim ɗin wasa baya don ya ga wanda ya yi lalaci. Lorna ta ga dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya yanka kek, ya karɓi kyaututtuka, ya tsokani kowa da laifin da ya yi shekara ashirin baya.

Da suka watse tana tattara faranti ya kira ta.

"Yaronki ya rage gudu."

"Yatsana ne ya zame, Baba."

"Bai zame ba."

Ta ci gaba da goge tebur inda babu datti.

"Me likitar nan ta gaya miki?"

Ta ajiye tsumman gogewar. Ya gyaɗa kai kamar ta amsa.

"Wannan na riga na sani, jikina ne. Ba shi ya dame ni ba." Ya daɗe yana kallon babban yatsansa. "Huɗu ya rage, Lorna. Daga hamsin na taho. Da kin kayar da ni yau, gobe da safe zan tashi in nemi huɗun nan. Kafin zafi ya shigo da na cinye ki, ko ban cinye ki ba. Yanzu ko na ci, ta ina zan sani?"

"Na rantse ba zan ƙara ba. Mu sake yanzu."

"Na san ba za ki ƙara ba," ya ce a hankali. "Ɗauke min katakon nan, ya yi min nauyi."

Washegari da ta dawo aiki talabijin na nuna labarai. Ta kunna na'urar ta miƙa masa, ya ce yatsansa na ciwo. Rana ta gaba kuma ya ce barci yake ji. Ta yi lallashi, ta yi tsokana, ta ce tsoro ya kama shi, ya yi murmushi kawai ya ce ta ci gaba da faɗa. Ta sa Glenn ya zo musamman ya ce shi zai kara da shi. Koci ya ce su biyun su yi, yana kallo. Suka yi, bai ce a jefa wa kowa ba.

Bai riƙe ta a zuci ba, wannan ya fi ci mata rai. Yana gode mata in ta yi masa aski, yana tambayar ta labarin yaran bas, wane ya yi amai, wane ya yi faɗa. Sai dai ya koma barcin rana, miya kuma ta daina ƙonewa. Kantar yatsansa ta baje. Lorna takan zauna a bas tana jiran yara su fito, ta yi ta juya abin a ranta. Wani lokaci ta ce ai ko wace 'ya haka za ta yi. Wani lokaci ta tuna ita ce mutum ɗaya a garin da ta fi kowa sanin waye shi.

Ya ƙara shekara ɗaya da wani abu. Ciwon ya dawo wata safiyar Lahadi, bai kai asibiti ba.

Bayan an binne shi aka taru a zauren majami'a cin abinci, garin duka. Mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarinsa. Otis Mabry ya miƙe da kofi a hannu, idanunsa jajur.

"Ni abin da ba zan manta ba," ya ce, "ranar da ya cika saba'in. Hannu ɗaya fa! Hannu ɗaya, ya lallasa 'yarsa a gabanmu, a daƙiƙar ƙarshe. Wannan shi ne Koci. Lorna, ƙarya na yi?"

Duk zauren ya juyo yana dariya, wasu na share ido.

"Ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Ya cinye ni."

Aka tafa. Glenn, wanda ta gaya wa gaskiya tuntuni, ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Wata tsohuwa ta ce kofi ya ƙare a tebur na baya, Lorna ta ɗauki butar ta nufi kicin.