Ƙarfen da Baba Ya Ƙulle a Hankici

Ni dai saron abaya ya kawo ni Guangzhou, ba neman tsohon ƙarfe ba. Amma ranar da zan taso daga Kano, Baba ya kira ni shagonsa, ya damƙa mini wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, a ƙulle cikin hankici.

"Rabi, na injina ne, ya lalace. Ki samo mini irinsa."

Injin nan ya girme ni. Dalma yake narkarwa a tukunya, Baba ya danna haruffa, layin rubutu ya faɗo da zafinsa, a jera, a buga littafi. Da shi ya ciyar da mu shekara arba'in. Tun da kwamfuta ta zo aka daina kawo masa aiki, amma kullum sai ya goge shi. Yayyena sun sha cewa a sayar wa 'yan gwangwan, ni nake cewa sai dai bayan raina.

Kwana huɗu ina gantali. Daga masaukina a unguwar Sanyuanli in shiga jirgin ƙasa, in fita, in kwance hankici, a ce mini "mei yo", wato babu. Wani ma ya ce zai ƙera, amma sai guda dubu. Dubu! In kai su gidan wa? Ƙafafuna suka kumbura, abaya ko ɗaya ban saya ba. Wallahi na gaji, har Baban na fara jin haushinsa.

Rana ta biyar, a wani lungu a unguwar Liwan, na samu wani tsoho mai gyaran injuna. Ya sa tabarau, ya juya ƙarfen, ya bi haƙoran da farce ɗaya bayan ɗaya. Ya yi magana a wayarsa ta fassara mini: ya san irin injin, amma wannan ƙarfe lafiyarsa lau. Da sukudireba aka kwance shi, a hankali.

Na zauna a bakin shagon na kira gida.

"Baba, an ce ƙarfenka ba abin da ya same shi."



"Na sani, Rabi. Wanda ya ba mu hayar shagon ya ce mu tashi, kuma ba inda zan kai injin. 'Yan gwangwan sun zo ranar Talata da guduma."

"Haba Baba! Shi ne ka tura ni yawo kamar mahaukaciya?"

"Da kina nan da kin hana, ni kuma ba ni da ƙarfin rigima. Wannan kaɗai na cire. Kada ki bar shi a can."

Tsohon ya miƙo mini ƙarfen, ya riga ya shafa masa mai. Na ƙulle shi a hankicin, na sa a jaka, na tambaye shi hanyar Baima, kasuwar tufafi.