Gefen Rigar Fasto Bahago

Malam Nasidi na cikin tsince zare daga wuyan rigar sai Jummai ta ji babur ya tsaya a ƙofar zauren, wani ya yi tari. Ko waigawa ba ta yi ba. Ta san tarin nan na Fasto Bahago. Da shi yake share maƙogwaro duk sanda zai faɗi abin da ba haka yake ba.

Rigar ta zumuntar mata ce. Su suka sayi shaddar, suka ɗora wa Jummai kawo ta cikin birni, nan unguwar Kusfa, domin babu mai ɗinkin aska takwas irin na Nasidi. Ranar Lahadi za su yafa wa Malam Sabo, matashin mai bishararsu, a gaban jama'a. Dattawan ikkilisiya na shirin tura shi wani ƙauye can bayan Giwa, bisa shawarar Fasto. Amma Jummai ta san dattawan nan ciki da bai: a cikinsu babu mai ƙarfin halin korar mutumin da matansu suka sa wa riga.

Laifin Sabo ɗaya ne. A sujadar godiyar kaka mata suka ɗauki waƙa da kiɗan tulu da caki, suka ambaci sunansa kafin na Fasto. Tun daga wannan rana, wa'azin Fasto bai sake fita daga fadar Isra'ila ba. Kullum Fasto ne Dawuda, Sabo kuwa Absalom mai satar zukatan jama'a. Jummai ta koyar da labaran nan a firamare har ta yi ritaya, ba ta taɓa ganin mai wa'azin da ya leƙa cikinsu ya hango kansa a Saul, sarkin da ya yi kishin Dawuda, ba.

"Malama Jummai, ashe kin riga ni," in ji Fasto. Sabo, wanda ya tuƙo shi, na biye da shi riƙe da jakarsa.

"Me ya kawo ka birni, Fasto? Ko Malam Nasidi ka zo yi wa baftisma?"

"A'a, ni a bar ni da allurata," in ji Nasidi yana dariya.

"Rigar ikkilisiya na zo karɓa."

"Ta mata ce."

"Mata na ƙarƙashin ikkilisiya, ikkilisiya kuwa tana da makiyayi."

Jummai ta dubi Sabo. Ga tsawo har yana sunkuya wa ƙofar zaure, amma idonsa na kan tabarma.

"Mama, a bar masa," ya ce a hankali. "Ba a jayayya da shafaffe na Ubangiji."

Ta ja tsaki. Wai wannan ne ɓarawon zukata! Ko ragowar tuwo ba zai iya sata ba.

Fasto ya zura rigar. Faɗin babbar riga ba ya ƙin kowa, amma tsawon na Sabo aka auna. Ta zubo ta rufe masa takalma, tana sharar ƙasa. Ya taka sau biyu, ya kusa kifawa.

"A rage ta."

"Ranka ya daɗe, an gama aiki, har an kai ta bugu," in ji Nasidi. "Ba a sa wa irin wannan almakashi."

"A rage na ce."

Nasidi ya juya ga Jummai, tunda ita ta kawo aikin. Ta kalli abin da ke jan ƙasa.

"Yanke, Malam."

Almakashi ya zagaya. Dogon ƙyalle ya faɗi, Jummai ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta kaɗe shi.

"Me za ki yi da tsumma?" Fasto ya tambaya, yana gyara kafaɗa.

"Tuna mini, Fasto, na tsufa. A cikin kogon nan na labarin Saul, rigar wa aka yanke wa gefe? Ta Dawuda ce, ko ta wanda ke farautarsa?"

Fasto ya yi tarin nan nasa, ya sake maimaitawa.

"Mama, don Allah..." in ji Sabo.

"Kai rufa mini baki. An koya maka Dawuda ya yi haƙuri. Ba a koya maka ya fito bakin kogo ya ɗaga ƙyallen sama har rundunar sarki ta gani ba. Sunkuyo."

Ya sunkuya. Ta rataya masa shi a wuya. Bakunan biyu suka sauko har ƙugu. Launi ɗaya da abin da ke jikin Fasto, ko daga bencin baya za a gane.

Ta zare shi ta miƙa wa Nasidi.

"Kalmashe mini bakinsa da kyau, Malam. Lahadi muna da wanda za mu yafa wa."