Ranar da Aka Kira Octave Brunel Fagen Takobi

Da hantsi wasu maza biyu suka shigo maɗaba'ar Madam Solange cikin baƙaƙen kwat da dogayen huluna, fuska a murtuke kamar masu kawo saƙon rasuwa. Léontine Vasseur na gaban tafireta, bakinta cike da burodi da cuku.

"Octave Brunel muke nema," in ji dogon cikinsu.

Saura ƙiris burodin ya shaƙe ta. Ai babu wani Octave Brunel! Duk faɗin Paris, a shekarar nan ta 1924, mutum biyu ne suka san haka: Solange da ta buga littafin, da Léontine da ta rubuta shi.

Lokacin yaƙi, da maza suka tafi fagen daga, shekara huɗu Léontine ta yi tana tuƙa taragon lantarki a cikin gari. Mazan na dawowa aka manna takarda a bangon tasha, sunayen mata reras, an sallame su, su koma kicin. Haushin nan ne ta zuba a littafi, *Layi Na Tara*. Ba babi, ba farko, ba ƙarshe, tunanin wata direba ne kawai yana gudu a kan dogo daga safe zuwa yamma. Solange ta karanta, ta share hawaye, ta ce, "'Yar nan, in da sunanki ya fita, kusa da littattafan girki za su jera shi. Ari sunan namiji." Aka ara. Littafi kuwa ya tashi gari, ko wane gidan gahawa ka shiga musu ake a kansa.

Sai ga Anselme Puyferrat, babban mai sharhin littattafai, mai gashin baki kamar ƙahon rago, ya rubuta a jarida cewa yaron nan Brunel yana da hannu, hannun namiji sosai, amma bai san mace ba ko kaɗan. Wai wace mace ce saurayi zai tsaya yana yi mata daɗin baki, ita hankalinta na kan birki? Ya je ya yi aure tukuna. Léontine ta hau, ta mayar masa da martani da sunan Brunel, ta ce abin da Puyferrat ya sani game da mata a jikin kwalin sabulu ya karanto shi. Gari ya yi ta dariya kwana uku.

To, sakamakon ke nan a tsaye a bakin ƙofa. Dogon ya ajiye kati a kan tebur. An ci mutuncin Yallaɓai Puyferrat, yana neman Brunel ya fito su kara da takobi, jibi da safe, a filin da ke bayan wurin sukuwa, har sai jini ya fita. In Brunel bai zo ba, shaidu za su rubuta takarda a buga a jaridu cewa ya gudu.

Suna fita Solange ta zube a kujera, tana dariya tana dafe da ƙirji. "Mun shiga uku! Mutumin da ba a haifa ba, shi za a kashe mana!"

"Ki bar dariya, Madam. In aka ce matsoraci ne, wa zai ƙara buɗe littafin?"

"In kuma aka ce mace ce fa?"

Nan ne gizo ke saƙar. Littafin nan shi kaɗai Léontine ta mallaka a duniya, kuma ta ko'ina ta juya ƙwace mata shi za a yi. Ta haɗiye sauran burodin, ta ce, "Zan je."

Kwana biyu suka yi suna gwaji da laima a tsakanin injuna. Léontine ta kai sara, ta kifar da gwangwanin tawada, Solange ta kare kanta da faranti tana ihun a yi mata rai. Suka yi dariya har cikinsu ya ƙulle. Solange ta samo shaidu, wasu marubuta waƙa biyu da yunwa ta gama da su, waɗanda in ka saya musu abincin rana ko aljani za su shaida. Gashi ba matsala, rabin 'yan matan gari sun riga sun datse nasu. Kayan sawa kuwa na Émile ne, yayan Léontine, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba. Da ta sa kwat ɗin ta ji ƙanshin tabarsa, sai dariyar ta ɗauke na ɗan lokaci, kewarsa ta kama ta sosai.

Ranar ta zo da sanyi da laka. Puyferrat ya riga su isa, yana ta lanƙwasa gwiwa yana miƙewa, tumbi na rawa. Ga likita da jakarsa, ga takubba biyu an goge su da magani. Léontine ta ja hula har gira, wallahi wani daɗi take ji kamar ranar da ta fara sakin tarago a gangara.

Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna ya gaya musu. Dogon shaidan nan ya yi gyaran murya ya ce, "Bisa al'ada, kowa ya tuɓe kwat, ya buɗe gaban riga, likita ya duba ko an ɓoye sulke."

Puyferrat ya ɓalle maɓallai nan take, ya turo ƙirji mai furfura. Likita ya nufo Léontine yana murza hannu.

"Likita, in ka ƙara taku ɗaya, kai zan fara sara."

Muryar ce ta tsayar da shi. Ta cire hular ta jefar. "Ni ce Brunel. Ku ba ni takobina."

Cikin marubuta waƙar nan ɗaya ya zauna daɓas a laka, ɗayan ya fara tafi. Puyferrat ya yi wuf ya rufe ƙirjinsa, kunya ta rufe shi har kunne. Can ya murmure, ya yi wani murmushi mai ban haushi.

"Haba, 'yammata! Wane ragon namiji ne ya turo ki? Je ki ce masa ya fito. Mace ba ta rubuta wancan littafin ba."

Wannan ta fi sara zafi. Idonta ya kawo ruwa, don takaici ba don tsoro ba. Ta cire safar hannu, ta miƙa masa tafinta har ƙarƙashin gashin baki.

"Yallaɓai, wane wuri ka fi yabo a littafin? Ba inda wuta ta tashi daga makunnin tarago ta ƙona direba ba? Ka ce namiji ne kaɗai ya san ciwo haka. To duba."

Ga tabon nan, rabin da'ira, fari fat, daidai yadda yake a shafi na arba'in. Puyferrat ya duba, ya sake dubawa.

"Kuma saurayin da ke zuba daɗin baki," ta ƙara, "mutum sittin na ɗauko a bayana, ga gangara. Shi zan saurara?"

Mutumin dai yana da tarbiyyarsa. Ya ga ba abin da ya rage sai ya rusuna wa mace yadda ya kamata. Ya manta da takobi a hannunsa, ya kai ɗaya hannun zai dafe ƙirji, tsinin ya sharɓe masa babban yatsa.

"Wayyo!"

"Jini!" likita ya daka tsawa, da murnar ya sami aikin yi. "Jini ya fita! An wanke mutunci!"

Shaidu huɗu suka haɗa kai suna muhawara da gaske, kai ka ce majalisa ce. Tunda an zo fili, an zare takobi, jini ya zuba, to an yi karo, dole a rubuta takarda, gobe ta fito a jaridu. Takarda kuwa ba ta ɗaukar sunan aro. Dogon ya ɗora littafinsa a kan hularsa, ya lashi bakin fensir.

"Tsakanin Yallaɓai Anselme Puyferrat, mai sharhi, da... wa zan rubuta, Madam?"

Solange, da ta laɓe a bayan bishiya tun ɗazu, ta leƙo tana girgiza mata kai, tana nuni da hannu kamar mai juya miya. Léontine ta gane sarai. Watakila gobe a kwashe littafin daga tagogin kantuna a kai shi wajen na girki. Puyferrat na can yana tsotsar yatsa.

"Léontine Vasseur."

"Sana'a?"

Rabon da wani ya rubuta sunanta a takardar da jama'a za su karanta, tun waccan ta bangon tasha. Ta gyara kwat ɗin Émile a kafaɗarta.

"Marubuciya," ta ce. "Matso in gani. Rubuta shi da manyan baƙaƙe."