Geron da Ya Manta Ƙishi

Kawu Jibo ya zaro zangarniya guda daga cikin damin, ya ɗora wa Fa'iza a hannu.

"Auna da kanki, ɗiyata. Kin taɓa ganin irin wagga, ko can gida?"

Ba ta taɓa gani ba. Zangarniyar ta cika taf, har tana rinjayar hannu.

Suna tsaye ne a bayan wani kango a Anka, inda mutanen ƙauyensu na bayan Nasarawa Burkullu suka fake tun da 'yan bindiga suka tashe su. Fa'iza ma'aikaciyar binciken iri ce, Kawu kuma yayan Innarta. Shekaru sun yi tare suna shuka gero a wani tudu mai tsakuwa na gonarsa, inda ruwa ba ya zama. Duk kaka sai su tsince 'yan tsirarun da suka rayu, su sake shuka su, har geron ya zama mai jure fari. A ɗakin bincike ta gano cewa ƙwayar halittar geron ba ta canza ba. Wasu alamomi ne ƙishi ya ɗora a kanta, suka buɗe wani sashe suka rufe wani, 'ya'yan kuma suka gada. Irin da ta ajiye a ofis ya lalace da injin sanyi ya mutu. Na wurin Kawu kaɗai ya rage, wanda ya gudo da shi ɗaure a hannun riga.

Sai ga shi wanda ta karɓa wurinsa bara ta gwada, ta hana shi ruwa, ya yanƙwane rana ɗaya da geron kasuwa. Ta sake, haka. Abin da ya kawo ta ke nan.

"Kawu, ina kuka shuka shi?"

Ya nuna wani ɗan fili kusa da famfon burtsatse. "Nan ga. Damina uku ke nan. Ban bari ya wahala ba ko sau ɗaya. In ruwa ya ɗauke, ni da Innakki muke bin layi da jarka tun asuba. Mutane suna dariya, wai wa ya taɓa yi ma gero ban ruwa. Nic ce amana ce." Ya ɗaga kafaɗar rigarsa, ta ga fatar wurin ta yi kanta, ta yi baƙi ƙirin inda igiyar jarka ta ci.

Fa'iza ta zauna a kan bulo. Duk wayar da suka yi, tambayarta ɗaya ce: irin yana nan? Bai taɓa zuwa mata a rai ta ce kada a ba shi ruwa ba.

Ta so ta yi shiru, ta yaba zangarniyar ta hau mota. Amma ta ga buhunan da aka jera a gindin bango.

"Na wa ne waɗancan?"

"Na masu komawa. Sun daidaita da mutanen daji, za a bar su su yi noma bana. Kowa ya ji labarin geronki."

Sai ta faɗa masa, a hankali, idonta a ƙasa. Ƙishin ne ke riƙe da alamomin. Da shukar ta samu ruwa a wadace, shekara bayan shekara, sai suka goge.

Kawu ya daɗe yana murza ƙwayar gero a tafin hannunsa.

"Watau ni nib ɓata shi."

"A'a, Kawu. Ni ce ban yi bayani ba."

"In an maishe shi tudun, zai tuna?"

"Ban sani ba. Ko zai yiwu, sai akasarinsa ya mutu tukuna, kamar yadda muka faro. Ofis kuma sun rufe aikin."

Ana haka aka yi sallama. Sharu ne, maƙwabcin Kawu na ƙauye, ɗaya daga masu komawa, dogo, duk ya rame, da ƙaramin buhu a hammata. Ya gaida Fa'iza har da rusunawa.

Kawu ya karɓi buhun, ya zuba masa, ya ɗaure baki. Bai sake shi nan da nan ba.

"Sharu, gero ne kurum. Irin na kowa. Na lalata shi da ruwa."

Sharu ya dubi Kawu, ya dubi Fa'iza, yana jiran wani ya yi dariya. Babu wanda ya yi. Ya ja buhun a hankali ya saɓa a kafaɗa.

"To, ai mun riga mun sai da akuyoyi, Jibo. Babu fasawa." Ya juya, ya taka kaɗan, sannan ya waiwayo. "Amma ki kwantar da hankalinki, Malama. Can inda za mu, babu mai ba shi ruwa."