Addu'ar da Take Kaiwa Birmingham

A cocinmu na unguwar Levenshulme a Manchester, wani ɗakin haya a saman shagon kafet, kowa ya san addu'a domin shugabanni ta Mama Alice ce, kuma mai ciwon gwiwa gara ya nemi kujera tun da wuri. Takan fara da Sarki, ta gangaro kan Firayim Minista da 'yan majalisa, ta leƙa gida Najeriya ta bi gwamnoni da hakimai, sannan ta dawo Manchester har kan masu kwashe shara. Daga nan sai muryarta ta yi ƙasa.

"Ka tuna da ma'aikatan council na Birmingham, ya Ubangiji, musamman masu kula da gidaje. Ka ba su lafiya. Ka sa su riƙa cin abinci a kan lokaci."

Ɗaliban da ke zuwa daga unguwar Fallowfield sukan ƙunshe dariya. Mu manya ba ma dariya, don mun san ɗanta Jabez ne ke wannan aikin a council ɗin, wato ƙaramar hukumar can. Tun da ya auri Widad, 'yar maƙwabtansu Musulmi, mijin Mama, Baba Jeremiah, ya kafa doka kada a sake kiran sunan yaron a gidansa ko a gaban jama'a. Baba dattijon coci ne, kuma in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya janyewa. Jabez ma ai bai bar halin ubansa ba: ya canza lambar waya, ya yi shiru. Wannan addu'a ita kaɗai ta rage wa Mama. A cikinta ne take roƙa wa ɗanta alheri da babbar murya, ubansa na tsaye a gefenta yana cewa amin.

A garinsu, can kudancin Bauci, duk farkon shekara matan zumuntar coci kan ɗaura zane iri ɗaya, su tafi gidan hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma su yi wa shugabanni addu'a ido da ido. Ba a neman izini. Sallama kawai za a yi, a fito muku da benci. Bana sai Mama ta ce ita ma za ta kai tata addu'ar har Birmingham. Baba bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba, sai gani aka yi ya duba mata lokacin tashin mota. Ta nemi 'yar rakiya a cikinmu, kowa na da aiki ranar, don haka ta ɗaura zanen zumunta a kan wandon sanyi ta tafi ita kaɗai.

Ni ta ba labarin abin da ya faru. Ta ce ta shiga ofishin council da ke unguwar Ladywood ta yi gaisuwa, babu wanda ya ɗaga kai. Yarinyar da ke kan tebur ta tambaye ta ko tana da appointment.

"Na ce mata addu'a na zo yi musu. Sai ta kalle ni, ta ce ko ina bukatar support ne. Ta ba ni number, wai in zauna."

Ta zauna cikin masu kukan rufi na yoyo da masu neman ɗaki, tana duban duk ƙofar da aka buɗe. Da layi ya zo kanta, sai ta daina kewaye-kewaye, ta faɗi sunan wanda take nema. Ta ce da ƙyar ya fito daga bakinta, saboda daɗewa. Yarinyar ta duba kwamfuta, ta kira wata babbar ma'aikaciya. Babbar ta san shi, har ta yi murmushi ta ce mutumin kirki ne. Amma ya bar aikin fiye da shekara, kuma ba su da ikon faɗin inda ya koma.

Duk da haka sai da Mama ta yi abin da ta ce ya kawo ta. Ta tsaya a lungu kusa da ƙofa ta yi musu addu'a a hankali, mai gadi na kallonta. Ta ce ba ta taɓa jin kaɗaici irin na cikin motar dawowa ba. Baba bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce masa komai ba.

Ran Lahadi aka kira ta kamar kullum. Ta bi Sarki, ta bi gwamnoni, ta gama da masu shara. Muna jiran Birmingham sai muka ji shiru. Mama ba ta yi wa Allah wayo da abin da ta san ba gaskiya ba ne. Wani yaro ya buɗe ido.

"Ya Ubangiji," ta ce, "akwai wani. Ba shugaba ba ne, ba ma'aikacin gwamnati ba ne yanzu. Ban san garin da yake ba, ban san ko yana da lafiya ba. Kai ka sani. Sunansa Jabez, ɗana ne."

Babu wanda ya ce amin. Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran tsawar Baba Jeremiah, ni kam har na matsa kusa da ita. Da na saci kallonsa, idonsa a buɗe yake, ya riƙe bayan kujera da hannu biyu. Muryar da ta fito ba ta dattijon coci ba ce.

"Alice," ya ce, "ba ya can?"