Fitilar Birkin Direba

Tun ranar da ta karɓi lasin tuƙi mijinta ya daina kiranta da sunanta, ya koma ce mata Direba. Shi kuwa unguwa kaf Likita ake ce masa, ko da yake magani kawai ya sayar har ya yi ritaya. Sun aurar da 'ya'ya, gida ya rage daga su sai tsohuwar motarsu mai ruwan toka.

Wata safiya tana dawowa daga cefane, sai wani mai bas ya dame ta da hon. Ta ɗauka tafiyarta ta a hankali ce ta ishe shi, don haka ta ɗaure fuska ta ƙi waiwaye. Da danja ta tsayar da su, ya matso kusa ya leƙo.

"Mama, fitilar birkinki ba ta kamawa! Saura ƙiris in shigo miki ta baya."

Kunya ta kama ta, don har ta tanadar masa baƙar magana. Ta yi godiya, ta lallaɓa gida gabanta na faɗuwa duk sanda ta taka birki.

Likita na jin labari ya ajiye kofin shayinsa. Ta ce a kira mai gyaran wayar mota, ya ce ba inda za a je.

"Mara lafiya ai sai an duba shi kafin a tura shi babban asibiti. Shiga ki taka, ni in tsaya a baya."

Ta shiga ta taka.

"Taka mana!"

"Na taka!"

"Da ƙarfi, Direba!"

"Malam, in na ƙara ƙarfi ƙafata za ta ɓullo ta ƙasan motar."

Ko ɗigon ja bai gani ba. Ya buɗe but ɗin bayan motar, ya kwance murfin fitilun, ya zaro ƙwan kowane gefe ya ɗaga shi sama yana dubawa. Siririyar wayar cikinsu lafiya lau. Ita ce ma ta ce da wuya ƙwai biyu su mutu rana ɗaya kamar sun haɗa baki. Suka koma kan fiyus. Rubutun murfin akwatin fiyus ɗin ƙanana ne, tabaransa kuma na ɗaki, sai ya ari nata mai jan firam ya maƙala a hanci. Ta kalle shi ta kau da kai don kada dariya ta kuɓuce mata. Fiyus ma bai ƙone ba.

"Saura makunnin da ke saman abin taka birki," in ji shi. "In kin taka, shi ke ba wa fitilun wuta."

Ya tura kujera baya, ya kwanta rigingine, kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ita tana haska masa da tocilar waya. Can ya ce, "Af!"

"Me ka gani?"

"Wayar makunnin ce ta fita daga mazauninta, ga ta nan tana lilo. Wani ne ya fizge ta."

"Wani wa? Ƙafata ko rabin wurin ba ta kaiwa."

Sai idonta ya faɗa kan sandar ƙarfen da ke gefen kujera, mai ƙugiya a baki. Da ita Likita ke kulle sitiyari da abin taka birki kowace yamma saboda ɓarayi, kuma a tsaye yake saƙala ta, ba ya ko sunkuyawa.

"Malam, wannan ƙugiyar taka fa?"

"Haska mini nan," ya ce, "ba lokacin bincike ba ne."

Ya mayar da wayar har ta ce ƙas. Ta zagaya baya da sauri, ya danna birkin da hannu. Fitilu biyu suka kawo jajur! Ta buga tafi kamar yarinya.

"Sun kama! Fito ka gani!"

Bai fito ba.

"Direba," ya ce cikin ƙaramar murya, "bayana ya riƙe."

Ta ja ƙafarsa ɗaya, ya yi ƙara. Dole ta leƙa ta kira maƙwabcinsu tela, wanda ya zo da tef a wuya. Tela ya kama ƙafafu, ita ta tallafi kai, suka zaro Likita a hankali kamar aljihun tebur, har lokacin jan tabaranta na kan hancinsa. Tela ya yi ta maza bai yi dariya ba, sai da ya kai ƙofar gida aka jiyo shi.

Suka kwantar da Likita a kujerar baya, ta ja mota zuwa kantin magani a sayo man shafawa. Hanya fayau ba kowa a gabanta, amma ba ta yin nisa sai ta ɗan taɓa birki.

"Wai me kike ta tsayawa ne?" ya tambaya daga kwance.

"Bari mutanen baya su ga aikin hannunka mana."

Ya fara dariya, ciwon bayan ya soke shi, ya ce wash, ya kuma ci gaba da dariyarsa.