Fuskar da Ke Bayan Bango

Mai fenti ya san aikinsa, kuma sanin aikin nan ne ya jawo masa. Lokacin yaƙin neman zaɓe, da hannunsa ya zana fuskar ɗan takarar da ake kira Ɗan Talaka a bangon gidansa mai kallon titi, tun daga tsayin gwiwa har kusa da rufi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya kankare bangon tas, ya zana da fentin mai mai tsada irin wanda bai taɓa shafa wa ƙofar ɗakinsa ba, sannan ya bi shi da man ƙyalli don kada ruwa ko rana su taɓa shi. Ranar da ya gama ya tsaya a tsakiyar titi, hannu a ƙugu, yana gaya wa duk mai wucewa cewa jikokinsa za su tarar da murmushin nan yadda yake. Baki dai shi kan yanka wuya.

Ɗan Talaka ya ci zaɓe. Famfon da ya yi alkawari bai zo ba, asibitin unguwa ma yana nan da ƙofarsa a garƙame. Abin da ya zo shi ne motar rusau, ta share rumfunan bakin titi a safiya guda, har da rumfar da matar mai fenti ke ɗinki. Da mutane suka fita ƙorafi aka tarye su da bindiga, aka dawo da wasu a kan kafaɗa. Tun daga ranar gari ya ƙi lafawa. Matasa suka shiga bi unguwa-unguwa, duk inda suka ga fuskar nan, allo ne ko shago ko gida, sai su watsa fetur su ƙyasta ashana.

A bayan wannan bango kuwa Inna take kwance, mahaifiyar mai fenti, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara. Mace ce mai jiki, ko juya ta a gado sai mutum ya yi gumi, ita kuma ta cije leɓe don zafi. Yara an tura su gidan kawunsu da ƙafa. Inna ba ta tafiya da ƙafa, kuma ba direban da zai shigo da motarsa unguwar a irin wannan rana. Gidan ɗaki biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, silinsa na katako, in wuta ta kama gefe guda ta kama duka.

Tsoro ya hana mai fenti ci, ya hana shi zama. Sallah ma yi yake kamar kaza na caccakar hatsi, goshi a ƙasa, kunne a kan rediyo. Baƙin cikinsa ya fi tsoron yawa, don shi da gaske ya yarda da mutumin nan. Ya yi faɗa da abokai a kansa, ya daina gaisawa da surukinsa a kansa, har ya taɓa cewa in wannan bai gyara gari ba, to ba mai gyara shi.

Shagunan fenti duk a rufe suke. Ya birkice ɗan ɗakin ajiyarsa, bai samu komai ba sai ragowar farin fentin ruwa da ya rage daga aikin wata makaranta. Ko ɗan koyo ya san fentin ruwa ba ya kama jikin man ƙyalli. Shi ma ya sani, shi da yake koya wa mutane. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da sassafe ya kafa tsani ya hau shafawa. Fentin yana zamewa yana taruwa ɗigo-ɗigo, yana ƙara bi, yana jira ya sha iska, yana sake bi. Kafin hantsi bango ya yi fari, sai dai in mutum ya ƙura ido zai ga inuwar hula.

"Ya ɓace?" matarsa ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Ya ɓace."

"Ka tabbata, Baban yara?"

"Ke kika koya min fenti?"

Ta koma ciki. Ta san ba da ita yake faɗa ba.

Bayan azahar hadari ya haɗu. Mai fenti ya tsaya a ƙarƙashin rumfar maƙwabcinsa mai walda yana kallon sama kamar zai roƙe ta. Ruwa ya sauko da ƙarfinsa, ya bugi bangon kai tsaye. Farin ya fara gangarowa yana bin kwata. Haƙora ne suka fara fitowa, sai hanci, sai idanun nan biyu da ya kwana biyu yana gyara musu haske. Kafin ruwan ya ɗauke Ɗan Talaka ya dawo sabo fil, ya ma fi jiya ƙyalli.

"Maƙwabci, mutuminka ya yi wanka," in ji mai walda. Da ya ga fuskar mai fenti sai ya haɗiye dariyar. Ya rage murya. "Matasan nan sun iso shataletale. Kantin magani ya ƙone, saboda ɗan hoton da mai shi ya manna a gilashi. Ɗan ƙarami fa, kamar tafin hannu."

Mai fenti ya dubi nasa, wanda ya fi mutum tsawo.

Matarsa ta yafa mayafi ta ce za ta je ta nemo ko mai motar kaya ne, ko mai kurar turawa, duk abin da zai ɗauki Inna. Ya ce kada ta fita. Ta ce to ya kawo wata dabarar. Ba shi da ita, ta fita.

Ya ɗauko ƙarfen kankara ya far wa bangon. Nan ya gane irin aikin da ya yi. Ƙarfen yana sulɓewa a kan man ƙyalli yana ƙara mai tsinka haƙori, abin da ke fita bai fi ɓawon gyaɗa ba. Ya yi ta yi har hannunsa ya yi bororo, kunne ɗaya kawai ya iya cirewa. Daga can ƙasan titi hayaƙi ya tashi baƙi, ana jin hayaniya tana zuwa tana komawa da iska. Yana kankara yana zagin mutumin, yana zagin kansa.

Sai ya ji muryar Inna ta 'yar tagar da ke sama. Tun ciwon nan harshenta ya yi nauyi, amma kiran ɗanta bai taɓa gagararta ba.

"Auta."

"Ina zuwa, Inna."

"La'asar ta yi."

"Inna, don Allah ki bari in..."

"Matarka ba ta nan. Wa zai min alwala?"

Ya sauko yana huci. Wallahi a wannan lokacin haushinta ya ji, tsohuwar da yake ƙoƙarin hana ta ƙonewa tana maganar buta. Ya shiga ɗakin da sauri, ya ɗauko buta da roba, ya wanke mata hannu da fuska, ya shafa mata kai, yana yi yana waiwayen ƙofa. Ɗakin na warin man zafi da sabulu. Ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta ya ɗaga ta, ya tokare ta da matasai, ya karkata ta ta fuskanci alƙibla kamar yadda ake yi mata kullum. Alƙiblar ɗakin kuwa bangon titi ce.

Inna ta dubi bangon, ta dube shi.

"Tun da ka zana mutumin nan nake sallah ina fuskantar ƙeyarsa," ta ce a hankali. "Ban taɓa ce maka komai ba, don na san ba shi nake yi wa ba. Kai ne ban sani ba."

Mai fenti ya tsaya da roba a hannu. Bai taɓa lura ba. Duk sallar da ya yi a ɗakin nan, duk addu'ar da ya yi, tsakanin goshinsa da fuskar nan kaurin bulo ɗaya ne. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"Ka kankare iya ƙarfinka?" ta tambaya.

"Ya ƙi fita, Inna."

"To ka yi naka. Je ka yi alwala ka ja mu."

Ya fita tsakar gida. Ya zare sakatar ƙofar baya ya bar ta a buɗe, ya cika bokiti ya ajiye a bakin ɗakin Inna, ya jiƙa bargo ya rataye a ƙofa. In ya ji warin hayaƙi zai sallame ya goya ta, ko bayansa zai karye. Abin da yake hannunsa ke nan, ya kuma yi shi. Ya tsuguna da buta. Mai fenti kullum sai ya sha fama da kananzir kafin ruwan alwala ya taɓa fatarsa, amma yau farin fentin da ya ƙi kama bango bai kama hannunsa ba, yana zuba ruwa ya bi ƙasa.

Ya shimfiɗa darduma a gaban gadon, ya ta da sallah. Hayaniyar ta riga ta shigo layinsu, yana jin takun ƙafafu a cikin taɓo, yana jin wani na cewa ga shi nan, ga babban. Dutse na farko ya bugi bangon daidai saitin ƙirjinsa. Na biyu ya fasa gilashin 'yar tagar. Ya kusa sallamewa.

A bayansa ya ji numfashin Inna, tana karatunta a hankali, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Sai ya daidaita nasa da nata. Ya karanta Fatiha yana jin kowace kalma, abin da ya manta rabonsa da yi. Da ya zo inda bawa ke cewa Kai kaɗai muke bauta wa, Kai kaɗai muke neman taimakonKa, hawaye ya zubo masa. Ya yi sujada, ƙurar siminti na zuba a ƙeyarsa, kuma a nan, goshi a ƙasa, ya ji nauyin ya sauka. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya daina jan ragamarsa. Ya san ko an ƙona ko ba a ƙona ba, shi da Inna suna hannun da ba ya saɓa alkawari. Bai yi gaggawar ɗagowa ba.

Hancinsa na jiran hayaƙi. Maimakon hayaƙi sai ya ji muryar mai walda tana keta hayaniyar.

"Akwai tsohuwa kwance a ciki, ba ta tashi. Fuska kuke so? Ga guduma, ga ƙarafa, kowa ya ɗauka. Kai mai jarka, ajiye ta, ka san uwar wa za ka ƙona?"

Aka yi ɗan cece-kuce. Sannan bangon ya amsa da wata irin ƙara mai nauyi, dum, dum, har ƙusar da aka rataye carbin Inna ta faɗo. Suna duka, shi yana raka'a ta uku. Suna duka, ya zauna tahiya. Lokacin da ya yi sallama ƙarar ta fara raguwa, hayaniyar ta gangara layi na gaba.

Ya juyo. Inna ta shafa addu'a da hannunta mai lafiya, farar ƙura a girarta.

"Karkaɗe min zanen nan," ta ce.

Da ya fito, titi cike yake da ɓaraguzan siminti masu launi. Ga guntun hula can, ga rabin ido nan cikin taɓo. Bangon ya koma bulo tsirara, da rami guda da hannu zai shiga. Mai walda na tattara gudumominsa, rigarsa jiƙe da gumi.

"Aikinka akwai ƙarko, maƙwabci," ya ce. "Sai da suka yi gumi."

Mai fenti ya riƙe hannun mai walda da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri. Matarsa ta ɓullo daga kwana da gudu, ba mota ba kura, takalmi ɗaya a hannu. Ta ga bangon, ta ga rufin yana nan, ta zauna a bakin kwata ta fashe da kuka.

Gari bai gyaru ba. Can wajen shataletale ana jin harbi jefi-jefi, Ɗan Talaka yana nan a kujerarsa, kuma ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Mai fenti ya ɗauko ragowar siminti ya kwaɓa a kwano, ya fara toshe ramin kafin sauro su gano shi.

Bai kai rabi ba muryar Inna ta fito ta cikin ramin.

"Auta, in ka gama ka zo ka juya ni. Magariba ta kusa."

Ya dubi simintin da zai bushe a kwano, ya dubi ramin. Ya ajiye cokalin gini ya tafi neman buta.